Yadda za ka binciki kisan Murtala ta hanyar fodkas da tsofaffin hirarraki

Duk shekara idan Fabrairu ya kai tsakiya, wayoyi kan cika da guntayen murya a kan Janar Murtala Ramat Muhammed. Wannan ya ce CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ce ta kashe shi, wancan ya ce daga Ingila aka kitsa, wani kuma ya rantse kawunsa yana wurin. Yanzu ga fodkas ya shigo, wato shirin hira da ake ɗorawa a intanet ka saurara sanda ka ga dama, inda ake zaunar da tsohon soja ko tsohon ɗan jarida ya yi awa biyu yana zuba. Akwai daɗin ji. Sai dai murya tana da kwarjini. Idan dattijo ya yi gyaran murya ya ce shi ganau ne ba jiyau ba, da wuya ka ji ƙarfin halin tambayarsa a wane lungu yake tsaye da safiyar ranar. Ga yadda nake bi, kuma hanyar za ta yi maka aiki ko da kisan Sardauna kake bincike, ko na Ibrahim Ba'are Mainasara a Yamai a 1999.

Mataki na farko: kafa turakun labarin kafin ka sa abin ji a kunne

Ɗauki takarda guda ka jera abubuwan da ba a jayayya a kansu. Murtala ya hau mulki a ƙarshen Yulin 1975, lokacin da Janar Yakubu Gowon yake taron ƙasashen Afirka a Kampala. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976 da safe aka buɗe wa baƙar marsandinsa wuta a cunkoson motoci a Ikoyi, Legas, yana hanyar zuwa Barikin Dodan, fadar mulki a lokacin. Dogarinsa Laftana Akintunde Akinsehinwa da direbansa sun mutu tare da shi. Laftana Kanar Buka Suka Dimka ya yi jawabin juyin mulki daga gidan rediyon tarayya. An kashe gwamnan Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo. Yunƙurin ya rushe a ranar, Dimka ya tsere, sai bayan kusan mako uku aka kama shi a yankin Abakaliki. Ranar 11 ga Maris aka harbe rukunin farko, cikinsu da kwamishinan tsaro Manjo Janar I.D. Bisalla. Ranar 15 ga Mayu aka harbe Dimka da tsohon gwamnan Binuwai-Filato, J.D. Gomwalk.

Wannan takarda ita ce ma'auninka. Duk wanda ya ba ka labarin da bai zauna a kan waɗannan ranaku ba, ka riga ka san akwai gyara a zancensa.

Mataki na biyu: saurari fodkas da biro a hannu

Fodkas ƙofa ce kawai, amfaninta ta nuna maka sunaye da tambayoyi. Sauke shirin a wayarka, don abin da ke intanet yau gobe ana iya cire shi. Saurara sau ɗaya kai tsaye, ka ji yanayinsa. A karo na biyu ka rage saurin muryar, ka buɗe littafi mai layi biyar: me aka faɗa, wa ya faɗa, a minti na nawa, ina yake ranar da abin ya faru, daga wa ya ji. Layin minti kada ka raina shi. Wata uku nan gaba za ka tuna an ce Dimka ya je wani wuri, amma ba za ka iya sake zaman awa biyu kana lalube ba.

Ka kuma raba maganar mai gabatarwa da ta baƙo. Sau da yawa mai shirin ne yake sa wa baƙo magana a baki, ya ce "ai ka ga lokacin da suka iso, ko?" dattijo kuma ya ce "ƙwarai", don kawai kada ya kunyata yaron. Wannan "ƙwarai" ba shaida ba ce. Manhajojin da ke juya murya zuwa rubutu suna rage wahala idan hirar da Turanci aka yi, amma suna yi wa sunayenmu kisan gilla, Hausa kuwa sai dai ka zauna ka rubuta da hannunka.

Mataki na uku: kowace hira tana da rana biyu

Nan ne gishirin aikin yake. Akwai ranar da abin ya faru, akwai ranar da aka ba da labarin, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce za ta gaya maka nauyin maganar. A saman kowace hira ka rubuta duka biyun, sannan ka tambayi kanka: a ranar da mutumin nan yake magana, me zai samu, me zai rasa?

Ɗauki misali uku daga wannan kisa. Na ɗaya, bayanin da Dimka ya yi yana tsare, wanda a ciki ya ambaci sunaye har da na Gowon. Magana ce ta kusa da lokacin, wannan ƙarfinta ne. Amma mai maganar yana hannun waɗanda za su harbe shi, kuma shari'ar a asirce aka yi ta. Mutum a irin wannan hali yana iya faɗin gaskiya, yana iya jawo wasu don ya rage wa kansa nauyi, yana iya faɗin abin da ya ga ana so a ji. Gowon, wanda a lokacin yake karatu a Jami'ar Warwick, ya musanta hannu a ciki. An tuɓe masa muƙaminsa, daga baya Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa a 1981.

Na biyu, manyan hafsoshin da suka murƙushe yunƙurin. Kanar Ibrahim Babangida ne aka tura gidan rediyon, kuma tambayar yadda Dimka ya suɓuce daga can ta daɗe tana yawo. Obasanjo da Babangida duk sun mulki ƙasar daga baya, duk sun rubuta littattafai, duk sun yi hirarraki. Sun san abin da ba wanda ya sani, amma kowannensu yana da sunan da yake karewa. Tattara abin da mutum ɗaya ya faɗa a shekaru daban-daban, ka jera su gefe da gefe. Inda labarin ya ƙaru, inda wani suna ya ɓace bayan mai sunan ya zama babba, inda aka fara ɗora wa mamaci laifi, nan za ka sa jan biro.

Na uku, sojan da yake cikin motar ya tsira da raunuka, wanda ya yi hira da jaridu bayan shekaru da dama. Irin wannan shaida ita na fi ƙauna, domin ba shi da kujerar da yake karewa. Amma shi ma iyakar ganinsa cikin motar ne. Ka karɓi abin da ya ce game da ƙarar harsashi da wanda ya zauna a ina. Idan ya fara bayanin wanda ya ɗauki nauyin juyin mulkin, ya tashi daga ganau ya koma jiyau kamar ni da kai.

Mataki na huɗu: nemo muryar ranar da takardun makon

Jawabin Dimka yana nan a rubuce, kuma a cikinsa ne ya sa dokar hana fita daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma, wato ya juya ta baibai. Ƙaramin abu ne, amma yana nuna maka halin da mai karantawa yake ciki fiye da sharhin awa guda. A wancan lokaci hukumomin sauraron rediyo na BBC da na Amurka suna rubuta abin da gidajen rediyon duniya suka watsa kullum, kuma manyan ɗakunan karatu na jami'o'i suna ajiye waɗannan kundaye. A YouTube akwai tsofaffin hotunan kamfanonin labarai irin su AP da Reuters, ta tashoshin AP Archive da British Pathé.

A gida, ka nufi Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, ka nemi New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo na Fabrairu zuwa Mayun 1976. Daily Times ta Legas ita ce ta fi kusa da wurin. Shafin Archivi.ng yana ɗora tsofaffin jaridun Najeriya a intanet, ka leƙa kafin ka kashe kuɗin mota. Ka tuna dai jaridun nan a ƙarƙashin soja suka fito, kuma gwamnati tana da hannu a manyansu. Sun fi amfani wajen tabbatar da rana da jerin sunaye, ba wajen gano dalili ba.

Ka tafi da haƙuri da fitilar waya. Na taɓa yini a wani ɗakin ajiya, ba wuta, aka ɗauko min ƙunshin jaridar wata guda, ƙura har cikin maƙogwaro. Na buɗe a hankali har na kai tsakiyar wata, sai na tarar wani ya riga ni, ya sa reza ya yanke shafin farko na kwana uku. Tun daga ranar, duk shafin da na samu nakan ɗauki hotonsa tare da kan jaridar inda kwanan wata yake, idan an ba da izini.

Waje kuma akwai taska biyu, ta Amurka da ta Birtaniya. Ƙungiyar ADST ta Amurka tana da hirarraki da tsofaffin jami'an diflomasiyyarsu, kyauta a intanet, cikinsu da waɗanda suka yi aiki a Legas da Kaduna. Saƙonnin da ofishin jakadancin Amurka ya aika Washinton a 1976 su ma an buɗe da yawansu. Takardun Birtaniya suna Kew a Landan, kuma suna da muhimmanci saboda Dimka ya je wurin jakadan Birtaniya, Sir Martin Le Quesne, a ranar, yana neman a haɗa shi da Gowon. Ba da daɗewa ba aka sa jakadan ya bar Najeriya. Wajen nema ka gwada rubutun suna iri-iri: Mohammed, Muhammed, Muhammad, Buka, Bukar. Harafi ɗaya yana ɓoye maka takarda ɗari.

Mataki na biyar: bi isnadi

Mu da muka tashi muna jin malaman hadisi suna cewa wane daga wane daga wane, bai kamata a koya mana wannan ba. Idan ka ji magana ɗaya a fodkas biyar, kada ka ce ta zama mutawatira. Bi ta baya. Sau da yawa za ka tarar duk biyar ɗin daga littafi ɗaya suka sha, shi kuma littafin daga hira ɗaya.

Gwada da zancen CIA. Gaskiya ne ranar 11 ga Janairun 1976 Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya goyi bayan ƙungiyar MPLA a yaƙin basasar Angola, ya yi fatali da matsayin Amurka, wata guda kafin a kashe shi. Wannan yana ba ka dalilin da zai sa a ji haushinsa. Bai ba ka wanda ya ja kunamar bindiga ba. A cikin gida ma akwai masu jin haushi: dubban ma'aikata da ya kora, da hafsoshin da suke ganin an tsallake su a ƙarin girma. A littafinka ka ware shafi uku, na abin da ya tabbata, na abin da shaida ɗaya ya faɗa, da na abin da ake zato. Kada ka bar magana ta yi ƙaura daga shafi na uku zuwa na farko don kawai ta yi maka daɗi.

Mataki na shida: yi taka hirar

Waɗanda suke da shekara 25 a 1976 yanzu sun haura 70. Kada ka tsaya jiran janar. Tsohon ma'aikacin rediyo, matar bariki, ɗalibin da ya yi zanga-zanga, wanda ya halarci jana'iza a Kano, duk suna riƙe da wani yanki.

Ka je ta hannun wanda dattijon ya yarda da shi, ka gaisa sosai, ka faɗi abin da za ka yi da muryar, ka nemi izininsa a cikin rikodin ɗin kansa. Kashe fanka, nisanci janareta, ajiye wayar a kan matashi kusa da shi. Kada ka ce "Baba, wa ya kashe Murtala?" domin zai ba ka abin da ya ji a rediyo shekara arba'in. Ka ce "Baba, ranar nan da me kuka karya? Wa ya fara gaya muku? Kun samu Juma'a?" Wani dattijo da na yi wa irin wannan tambaya ya yi shiru, sannan ya ce abin da ya fara lura da shi shi ne kiɗan soja a rediyon mai shayi, da yadda mai shayin ya bar ruwa yana tafasa har ya ƙone. Daga nan sauran ya warware, da sa'o'insa a jere. Idan ya yi shiru kada ka cike masa gurbi. Idan ya yi kuskuren shekara kada ka gyara shi a gaban jikokinsa, ka rubuta a gefe.

Da ka dawo gida, sa wa fayil ɗin suna da kwanan wata da garin, ka kwafe shi wuri biyu a daren.

Mataki na bakwai: idan za ka fitar

Da yawa daga cikin waɗanda aka harbe 'yan yankin Filato ne da kewaye, kuma 'ya'yansu suna raye, kamar yadda 'ya'yan Murtala da na Akinsehinwa suke raye. Zance irin wannan yana saurin juyewa ya zama na ƙabila da addini a hannun mai neman mabiya. Duk zargin da ya taɓa mai rai, ka faɗi wanda ya yi shi da lokacin da ya yi, ka kawo martanin wanda ake zargi. Idan za ka sa guntun muryar wani gidan rediyo ko wani fodkas a naka shirin, nemi izini a rubuce. Kada ka yanke magana a tsakiya yadda "an ce" za ta faɗi, ta bar dattijo yana faɗin abin da ya ji kamar abin da ya gani.

Kafin ka naɗi kashi na farko, idan hali ya yi, ka je Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas. Motar tana can da ramukan harsashi a jikinta. Zagaya ta, ka duba ta wane gefe suka fi yawa, ka zana a littafinka, sannan ka koma ka sake sauraron duk wanda ya ce ya san daga inda aka yi harbin.