Yadda Ake Tace Kukis a Burauza Ba Tare da An Share Waɗanda Ke da Amfani Ba

Kuki ɗan guntun rubutu ne da shafin intanet ke ajiyewa a burauzarka (manhajar buɗe shafukan intanet, irin su Chrome ko Firefox), girmansa bai cika wuce kilobayit 4 ba. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, domin shafi ya riƙa gane wanda ya dawo. Shi ke sa ka buɗe imel ba a sake tambayarka kalmar sirri ba. Irinsa ne kuma kamfanonin talla ke dasawa suna bin sawunka daga wannan shafi zuwa wancan. Don haka share su kaf ba dabara ba ce, sai an rarrabe aya da tsakuwa.

Fara da leƙa abin da ke ciki. A Chrome, rubuta chrome://settings/content/all a gurbin adireshi. Jerin duk shafukan da suka ajiye bayanai zai fito, kowanne da alamar kwandon shara a gefensa. A Firefox kuwa, about:preferences#privacy zai kai ka sashen kukis. Idan shafi ɗaya ne ke ba ka matsala, misali yana ta mayar da kai wurin shiga ko da ka sa kalmar sirri daidai, nasa kaɗai za ka goge, ka sake loda shi.

Idan shara gaba ɗaya kake so, danna Ctrl, Shift da Delete tare. Nan ake yawan yin kuskure. Akwatin da zai fito yana da zaɓin kukis, da na tarihi, da na hotunan wucin gadi, wani lokaci har da bayanan da burauza ke cike maka a fom. Duba da kyau, ka cire alama daga duk abin da ba ka nufa ba, domin abin da ya tafi ba ya dawowa. Ka kuma tabbata wayar da ake turo maka lambar tantancewa tana hannunka. Shaidar cewa banki ko imel ya amince da kwamfutarka galibi a kuki take, da ka goge ta za a ɗauke ka baƙo.

Hanyar da ta fi sauƙin ɗorewa ita ce ka ware shafukan da ka yarda da su, biyar ko goma, ka sa su a jerin waɗanda aka keɓe, sannan ka saita burauza ta share sauran duk lokacin da ka rufe ta. Firefox na da wannan a cikinta, ba sai ka sauko da komai ba. Tun 2022 ma take killace kukis ɗin kowane shafi a rumbunsa daban, Safari kuma tun 2020 take toshe na 'yan bin sawu.

Mai son ƙarin iko sai ya nemi manhaja. Cookie AutoDelete, da ake liƙa wa Firefox, tana goge kukis ɗin shafi jim kaɗan bayan ka rufe shi. Cika jerin amintattunka kafin ka kunna ta, in ba haka ba za ta fitar da kai daga ko'ina. BleachBit da CCleaner kuwa a kwamfutar ake girka su, suna share burauza da yawa a tashi ɗaya. Rufe burauzar ruf kafin ka sa su aiki: kukis na zaune ne cikin fayil guda, kamar cookies.sqlite na Firefox, kuma muddin burauza na buɗe fayil ɗin a riƙe yake, sai sharar ta tsallake shi.

A yi hattara sosai wajen zaɓe. Manhajar da ke iya goge kuki tana iya karanta shi, wanda ya sace kukin shigarka kuwa ya shiga asusunka ba tare da kalmar sirri ba. Ko sananniya ba ta tsira ba: a 2017 masu kutse sun cusa muguwar manhaja cikin CCleaner 5.33. Duk manhajar da ka zaɓa, sauko da ita daga shafin masu ita ko rumbun manhajojin burauzar kawai.

Bayan shara, tambayar nan ta neman amincewarka da kukis za ta sake fitowa a shafuka, kayan da ka tara a kwandon sayayya ma suna iya ɓacewa. Ba lalacewa aka yi ba, amsarka ta baya a kuki aka adana ta.