Shawara ga mai zuwa dandalin Markt na birnin Delft

Jama'a, duk wanda zai leƙa Delft a ƙasar Holan, ya kauce wa ranar Lahadi, domin ba a buɗe cocin Nieuwe Kerk, da ke dandalin Markt, ga masu yawon buɗe ido a ranar. Daga tashar jirgin ƙasa, tafiyar kamar minti 10 ce a ƙafa.

Hasumiyar cocin ta kai kusan mita 109, matakalanta 376, ga su ƙanana masu murɗewa, babu lif. Mai ciwon gwiwa ya haƙura. Idan iska ta yi ƙarfi ana rufe hasumiyar, don haka a duba yanayi tun da safe. A cikin cocin akwai kabarin Willem van Oranje, jagoran yaƙin neman 'yancin Holan, wanda aka harbe a 1584. Hurumin gidan sarauta yana ƙarƙashin ƙasa, ba a shiga.

Ginin da ke fuskantar cocin shi ne zauren majalisar birni. Gobara ta cinye shi a 1618, mai zanen gine-gine Hendrick de Keyser ya sake gina shi, amma tsohuwar hasumiyarsa ta tsira.

Alhamis ranar kasuwa ce: akwai cuku da kifi, sai dai rumfuna kan tare wa mai ɗaukar hoto gaban ginin.