Kurakuran da muke yi wajen zaɓen manhajar sauraron waƙoƙi a kwamfuta

Wani dattijo maƙwabcinmu a unguwar Runjin Sambo ta Sakkwato ya kwashe shekaru yana tara sauti. Akwai waƙoƙin fada na kotso da taushi da ya sa aka juye masa daga kaset, akwai na noma da na dambe, ga tafsirin azumi na shekara da shekaru, ga karatun alarammomi daban-daban. Wata rana jikansa ya saka masa sabuwar manhaja a laftof don ta gyara masa komai. Gari na wayewa ya tarar foldojin da ya jera da hannunsa sun watse, rabin waƙoƙin sun taru wuri guda a ƙarƙashin mawaƙin da ba a san ko wane ne ba. Ya aika aka kira ni. Ina shiga ya ce, "Ɗana, wanga yaro ya kashe ni." Na ce, "Baba, yi haƙuri, ba abin da ya ɓace, mazauni kawai suka sake." Yamma uku muka yi muna mayar da kowace waƙa ɗakinta.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wace manhaja ta fi, sai in fara tambayarsa abin da ya tara da yadda ya ajiye shi. Manhaja baƙuwa ce, tana zuwa tana tafiya. Winamp ta fito a 1997, an yi zamanin da ko'ina ita ake kunnawa, yau yara da yawa ba su san sunanta ba. Apple ya fitar da iTunes a 2001, a 2019 kuma ya janye ta daga sababbin kwamfutocinsa na Mac. Waƙoƙin da ka tara su ne naka, su ya kamata a tsare.

Abin da ya sami dattijon nan shi ne kuskuren da ya fi ciwo: barin manhaja ta kwashe fayiloli ta sake musu wuri da suna. iTunes na da wannan zaɓin, MusicBee da MediaMonkey ma suna da shi. Aikin na da kyau ga wanda bayanan waƙoƙinsa suka cika. Amma ga mai tarin da aka juyo daga kaset ko aka tura masa a kasuwa, wanda dukkan tsarinsa yana cikin sunayen foldoji, ɓarna ce. Kafin ka nuna wa sabuwar manhaja inda waƙoƙinka suke, shiga saitinta ka kashe duk abin da ya shafi kwashewa ko sake suna. Sannan ka gwada ta da folda guda da ka kwafa gefe, ka ga halinta, kafin ka buɗe mata rumbun gaba ɗaya.

Sai waɗanda suka riƙe VLC ita kaɗai. Ina son VLC, kuma ba na cire ta daga kowace kwamfuta. Ɗalibai ne suka faro ta a wata makarantar injiniyanci a Faransa, kyauta ce, kuma da wuya ka ba ta sauti ta ƙi buɗewa, har irin tsofaffin fayilolin AMR da ƙananan wayoyi ke naɗa. Sai dai an yi ta ne don ka danna fayil ta kunna. Idan waƙoƙinka sun kai dubbai, kana so ka rubuta sunan mawaƙi duk waƙoƙinsa su fito a jere, wannan aikin MusicBee ne ko foobar2000, dukkansu kyauta a Windows. foobar2000, wadda Peter Pawłowski ya fitar a 2002, fuskarta ba ado, amma ba ta da nauyi, ita nake saka wa masu tsohuwar laftof da ke nishi in an buɗe abu biyu. MusicBee ta fi daɗin kallo da sauƙin koyo, kuma tana da sashen littattafan sauti inda take tuna inda ka tsaya, abin da mai bin tafsirin awa guda da rabi zai yaba. Mai amfani da tsarin Linux maimakon Windows kuma yana da Strawberry da Rhythmbox.

To amma ko wacce ka ɗauka, ba za ta san abin da ba a faɗa mata ba. Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi gudu. Kowane fayil na MP3 yana ɗauke da wata 'yar shaida a cikinsa, ana kiranta ID3, inda ake rubuta sunan waƙa, mawaƙi, kundi da shekara. Manhajojin tsara waƙoƙi da wannan shaidar suke aiki, ba da sunan da kake gani a folda ba. Waƙoƙin da muke karɓa ta Xender ko wurin masu turi, sau da yawa shaidarsu fanko ce, ko kuma an cike ta da sunan shafin da aka sauko da su da lambar wayar wani shago. Shi ya sa kake ganin waƙa ɗari da mawaƙi guda na bogi.

Gyaran yana hannun wata ƙaramar manhaja mai suna Mp3tag. Za ka zaɓi fayil hamsin lokaci guda ka rubuta musu sunan mawaƙi sau ɗaya, kuma tana iya ɗauko sunan waƙa daga sunan fayil ta zuba a cikin shaidar. Ka tsayar da rubutu guda ga kowane mutum. In ka rubuta Alhaji Wane a nan, Alh. Wane a can, manhaja mutum biyu za ta lissafa. Haka Ɗan da Dan da 'Dan, mutum uku ne a wurinta.

Maganar haruffanmu masu lanƙwasa tana bukatar kulawa. Tsohon tsarin ID3 na farko harafi 30 kawai yake ɗauka a sunan waƙa, kuma bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ya mayar da su alamar tambaya. Tsari na biyu yana ɗaukar su lafiya, kuma da shi Mp3tag ke rubutu. Ni abin da nake yi, a cikin shaida ina rubuta Hausa daidai da ƙa'idarta, domin sunan waƙa ya cancanci a rubuta shi yadda yake. Sunan fayil kuwa ina barinsa da haruffa marasa lanƙwasa, saboda rediyon mota da ƙananan sifikoki masu cin memori ba duka ke gane su ba.

Kada kuma ka yarda da maɓallin da ke cewa zai nemo bayanan waƙa daga intanet ya cike maka. Wata manhaja mai suna MusicBrainz Picard ta ƙware a wannan in waƙar ta fito a kundin da duniya ta sani. Waƙar da aka naɗa a ƙofar fada ko a filin dambe shekaru arba'in da suka wuce, ba kasafai take cikin rumbunansu ba. Ko dai ba a samu komai ba, ko a liƙa mata sunan wata waƙar daban. Irin waɗannan, dattijon da ya san su shi ne rumbun. Zauna da shi ka rubuta wa aka yi wa waƙar, da wane kiɗa, a wane gari, tun yana nan.

Akwai kuma ruɗu game da nau'in fayil. Wasu sun ji cewa FLAC, nau'in da ke matse sauti ba tare da ya zubar da komai ba, ya fi MP3 kyau, sai su juya duk tarinsu zuwa FLAC. Abin da MP3 ya zubar lokacin da aka matse sautin ba ya dawowa, wuri kawai za ka cinye. MP3 mai matsakaicin inganci, na kilobit 128 a daƙiƙa, kusan megabayit 1 yake ci a minti, sautin faifan CD da ba a matse ba kuwa kusan 10, FLAC kuma wajen rabin haka ko ɗan fiye. Amfanin FLAC yana wurin mai juye kaset yau: ka naɗa da manhajar naɗar sauti ta Audacity, ka ajiye uwar a FLAC, ka fitar da MP3 don waya. Kuma duba abin da ke hannunka kafin ka zaɓa. iTunes ba ta kunna FLAC, ba ta kunna Opus, wato nau'in saƙon murya na WhatsApp. foobar2000 da VLC suna kunna duka biyun.

Waƙa ɗaya ƙasa-ƙasa, ta gaba kamar za ta fasa kunne, sai mutum ya tura ƙarar VLC sama da 100 har sifikar laftof ta fara karkarwa. Maganinsa ReplayGain: foobar2000 na auna ƙarfin kowace waƙa ta rubuta a shaidarta, a daidaita su wajen kunnawa ba tare da an taɓa sautin kansa ba.

Manhajar sata ba ta da wani dalili a nan, tunda mafi kyawunsu kyauta ne. Sauke kowacce daga shafin masu ita, domin kwafin da ke yawo a filashi shi ke shigo da bairos.

Masu ajiye waƙoƙi a filashi ko faifan ajiya na waje suna yawan kukan cewa jerin waƙoƙinsu ya mutu. Windows ce ta sake wa faifan harafi, jiya E yau F, manhaja kuma tana neman tsohon adireshi. Ka ba faifan harafi na dindindin a sashen kula da faifai na Windows, ka kuma fitar da jerinka a matsayin fayil na M3U8 ka ajiye tare da waƙoƙin, domin yawancin manhajoji na karanta shi, har da haruffanmu. In kuma ka dawo daga shagon turi ka ga foldojinka sun zama gajerun hanyoyi (shortcut) marasa komai, kada ka yi gaggawar goge filashin. Wannan bairos ɗin ɓoye fayiloli yake yi, galibi suna nan. Da zafin watan Afrilu na Sakkwato da ɗaukewar wuta ba sallama, faifai guda ba abin dogaro ba ne. Na dattijon nan yanzu kwafi biyu ne, ɗaya a laftof ɗinsa, ɗaya a gidan babbar 'yarsa a Mabera, kuma duk bayan sallah ake sabunta shi.