Kafin ka danna Y: kurakuran da masu koyon Linux ke ta maimaita min

Na kwashe shekaru ina zama da matasa masu koyon Linux a wani ɗan shago kusa da Ƙofar Kaura, nan Katsina. Kuskuren da na gyara wa na bara, shi nake gyara wa na bana, har bakina ya gaji. Gara in rubuta. Ubuntu zan yi magana a kai don shi ne a yawancin kwamfutocinmu, amma Debian da Linux Mint duk da `apt`, umarnin saka manhajoji da cire su, suke aiki, maganar ta shafe su.

Na farko, saka abin da yake nan tun tuni. Yaro zai buɗe taminal ya hau neman manhajar git a intanet, alhali git na zaune a kwamfutarsa. Tambayi kwamfutar tukuna. `command -v git` zai nuna maka inda yake idan akwai shi, idan babu ya yi shiru. `dpkg -s git` zai gaya maka ko an saka ƙunshin. Ni dai na fi son `apt policy git`, domin a kallo ɗaya yana nuna min wanda ke kwamfutata da wanda ke rumbun da `apt` ke ɗauko manhajoji.

Na biyu, `apt update`. Kusan kowane sabon shiga yana zaton wannan umarnin sabunta manhajoji yake yi. Ba ya saka komai. Takardar kayan da ke rumbu kawai yake karɓo maka, kamar ɗan kasuwa ya aika a duba masa abin da ya sauka a sito kafin ya tura mota. Mai sabuntawa shi ne `apt upgrade`. Idan sabuwar kwamfuta ta ce maka "Unable to locate package", sau da yawa takardar ce ba ka karɓo ba. Idan ka karɓo ta har yanzu bai samu ba, to suna ka ɓata. Apache a Ubuntu `apache2` ne, a Fedora kuwa, wani nau'in Linux, `httpd`. Shi ma pip, mai saka kayan Python, `python3-pip` ake kiransa. `apt search` da `apt show` don haka aka yi su. Wanda kuma ya kwafo umarnin `dnf` na Fedora ya liƙa a Ubuntu, ya ɗauki makullin gidan wani yana ƙoƙarin buɗe nasa.

To, ga wanda ya sa na zauna rubutun nan: ƙaramin `-y` ɗin da kuke jonawa a ƙarshen kowane umarni.

Wata ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe ta kawo min laftof ɗinta da la'asar, washegari za ta kare aikinta na kammala karatu. Aikin yana buƙatar wani samfurin Python daban da na kwamfutar. Ina sauri, ga mutane na jira, sai na ce bari in cire tsohon in saka sabo. Na rubuta `sudo apt remove python3 -y` na juya ina amsa wa wani. Da na waiwayo, sunaye ne ke ta zuba a allo, kowanne da "Removing" a gabansa. A Ubuntu, Python ba baƙo ba ne, ginshiƙin ɗaki ne. Manhajoji da dama na tsarin a kansa suke tsaye, idan ka zare shi `apt` zai kwashe duk abin da ya dogara da shi. Da aka sake kunnawa, baƙin allo muka tarar, babu tebur, wato desktop, babu intanet ɗin da zan gyara da shi. Ta dube ni ta ce, "Malam, aikina fa?" Har yau ina jin muryar nan. Sai da na tashi kwamfutar da filashi, na kwashe fayilolinta, na sake zuba Ubuntu daga farko. Bayan sallar isha'i yayanta ya zo ɗaukarta ban gama ba, sai da asuba na kai musu gida.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne `apt` ya yi niyyar gargaɗina. Kullum yana jero abin da zai cire a ƙarƙashin "The following packages will be REMOVED" (ko "REMOVING" a sabon `apt`), da manyan baƙaƙe, ya tsaya yana jiran amsa. `-y` shi ne ka ce masa na yarda tun kafin ya buɗe baki. Don Allah ku daina! Mene ne saurin? Layi goma ne fa za ka karanta. Idan ka ce a cire abu ɗaya ka ga jerin ya cika allo, ko ka hangi `ubuntu-desktop` a ciki, danna n ka zare hannunka. Tun daga ranar, ba na cire komai sai na gwada da `apt-get -s remove`, wanda zai nuna abin da zai faru ba tare da ya taɓa ko fayil ɗaya ba. Idan kuma ɓarnar ta riga ta auku, buɗe `/var/log/apt/history.log`, duk abin da aka kwashe yana rubuce a can. A wannan tsayawar ce ma yake faɗa maka megabait nawa zai sauke, kuma mu da ke sayen data da kuɗin aljihu muka jona ta waya, wannan layin ba abin tsallakewa ba ne.

Ƙanin wannan kuskure shi ne `sudo pip install`. Kana zuba kayan waje cikin Python ɗin da tsarin ke numfashi da shi. Daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, a 2023, aka toshe ƙofar, pip yana mayar maka da "externally-managed-environment". Sai yaranmu suka gano `--break-system-packages` suna ta raba wa juna kamar maganin zazzaɓi. Ƙanena, ka karanta sunan kuwa? Da bakinsa yake cewa zai fasa. Yi `python3 -m venv` ka ba kowane aiki ɗakinsa. Idan ɗakin ya lalace ka share ka gina wani, gidan na nan.

Sai maganar kulle. Ka kunna kwamfuta, ka ba da umarni, ta ce "Could not get lock". Wani ne ya riga ka shiga, galibi sabuntawar tsaro da Ubuntu ke yi da kansa a ɓoye bayan an kunna. Ka ba shi 'yan mintuna, je ka sha ruwa. Goge fayil ɗin kulle alhali wancan yana tsakiyar aiki daidai yake da magina biyu su hau bango ɗaya kowa da nasa ma'aunin. Ni ba na taɓa shi sai na tabbatar babu `apt` ko `dpkg` mai motsi.

Ga kuma namu na gida: laftof na hannu mai mataccen batiri, a fara babbar sabuntawa, a ɗauke wuta. Idan saukewa ake yi, da sauƙi, `apt` zai ci gaba daga inda ya tsaya. Idan kuwa an shiga kwance ƙunshi da shirya shi, nan ne matsala. Maganin `sudo dpkg --configure -a`, sannan `sudo apt --fix-broken install`. A shagona ba a fara `upgrade` sai kwamfutar na kan sola ko janareta na da mai.

Ƙananan kuwa: fayil ɗin deb da ka sauko, saka shi da `sudo apt install ./sunansa.deb`, zai jawo 'yan rakiyarsa, `dpkg -i` ba ya jawowa, kuma kada ka manta `./` ɗin. Umarnin da ya fara da `curl` ya ƙare da `sudo bash`, ban san mai shi ba ba na gudanarwa. Idan ka shiga rubuta kalmar sirri ba ka ga komai a allo ba, madannai ba su lalace ba, haka aka yi shi.

Makon jiya wani ya zo `apt update` na ta jefo masa 404, ya rantse layin wayarsa ne. Na duba da `lsb_release -a`, ashe Ubuntu 23.10 wani ya zuba masa. Irin waɗannan wata 9 kawai ake kula da su, sai a kwashe rumbunsu a mayar wani wuri. Masu alamar LTS, irin 22.04 da 24.04, su ake riƙewa shekara 5. Na ce ya kwashe fayilolinsa a filashi, ya dawo ranar Asabar bayan azahar mu zuba masa 24.04.