An sa ƙarfe a wuya, ciwo bai tafi ba: kurakuran da ke mayar da aiki baya

Mako bakwai bayan an yi wa kawuna aiki a wuya, ya kira ni da daddare daga Makka, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ɗan nan, ina jin aikin nan bai yi ba. Ciwon ya dawo, har tsakanin kafaɗuna."

"Sannu Kawu, Allah ya sawwaƙe. Me ka ɗauka cikin kwanakin nan?"

Ya yi shiru, sannan ya ce ba komai, jarkar zamzam ce kawai. Lita 20, kuma gidansa a kan dutse yake. Duk wanda ya san unguwanninmu na wajen Shari'a Mansur ya san irin matakalar da ake hawa. Ni na yi masa tafinta a mustashfa, wato asibiti, tun daga ranar farko, da kunnena na ji likita yana ja masa kunne a kan ɗaukar kaya. Amma tun da ya ga bakin yankan ya rufe, tabon ma ya fara ɓacewa cikin layin wuya, sai ya ɗauka an gama.

Kusan duk kuskuren da zan ambata daga nan ya samo tushe. Aikin da Larabawa ke kira tasbitul faƙarat, mu kuma mu ce "an sa masa ƙarfe", ɗori ne. Gaɓoɓin ƙashin wuya bakwai ne, likitoci na lissafa su daga C1 zuwa C7, tsakanin mafi yawansu kuma akwai faifan guringuntsi mai hana su gugar juna. Idan faifan ya fashe ko ya zaizaye har ya danne jijiya ko laka, sai a shiga, galibi ta gaban wuya, a cire shi, a cike gurbin da ɗan ƙashi ko wani ɗan keji, a ɗaure gaɓoɓin biyu da farantin ƙarfe da kusoshi. An fi yin wannan tsakanin C5 da C6, ko C6 da C7. Ƙarfen nan matsayin karan ɗori yake da shi: riƙewa yake yi kafin ƙashi ya tsiro ya haɗe gaɓoɓin su zama guda. Haɗewar kan ci wata uku zuwa shida, wani ma sai ya shekara. Babu Bahaushen da zai yi tsalle da ƙafar da aka ɗora masa jiya. Ɗorin wuya ne dai ba a ganinsa, shi ya sa ake raina shi.

Saboda haka a makonnin farko likitoci kan ce kada a ɗaga abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5. Gorar zamzam mai lita 5, wadda alhazai ke tafiya da ita gida, ta riga ta kai iyaka. Buhun shinkafa, tukunyar gas, jika mai wayo da ya saba a saɓa shi, duk su jira. Iyayenmu mata masu ɗora kaya a ka su na fi jiye wa, don gammo ba ya rage nauyi ko kaɗan, kan ne kawai ba ya jin zafi, wuya kuwa shi ke ɗauka. Masu tura keken ɗawafi da direbobi kuma matsalarsu ta abinci ce: ranar da ba a fita ba, ba kuɗi. Na san haka, ba kuma zan yi kamar ban sani ba. Abin da zan ce shi ne, mai iƙama (takardar izinin zama) da kafili (wanda yake aiki a ƙarƙashinsa) ya nemi takardar hutun jinya daga likitan da ya yi aikin, a rubuta kwanakin a ciki, kada a tsaya a kan maganar baki. Mai zaman kansa kuma 'yan uwa su haɗa masa abin da zai riƙe shi wata biyu ko uku tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Kuɗin sake aiki ya ninka wannan sau da yawa. Tuƙi ma ba a komawa sai likita ya yarda, ana iya waiwaye ba tare da wahala ba, kuma an daina shan magani mai sa barci.

Sai taba. Wannan ita ce ɓarnar da ba ta ƙara. Nikotin yana matse ƙananan hanyoyin jini, sabon ƙashi kuwa da jini yake tsirowa, don haka mai shan taba ya fi kowa haɗarin ɗorinsa ya ƙi kamawa. Mutanenmu suna da wayo a nan: a bar sigari a koma shisha, ko shamma ta ƙasan leɓe, ko ta lantarkin nan da samari ke zuƙa, a ce ai an daina. Duk nikotin ne, ƙashi bai san bambancinsu ba. Mai ciwon suga da ya bar sugansa yana hawa shi ma yana jinkirta wa kansa warkewa. Wani abin mamaki kuma, Saudiyya, ƙasar da rana ke neman narka kwalta, ita ce ƙarancin bitamin D ya yi wa katutu, saboda kowa yana ɓoye a ɗaki ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Gwajin jini ne mai sauƙi, a roƙi likita ya duba.

Maganin ciwo na saidaliyya, wato kantin magani, shi ma yana da nasa tarko. Brufen da Voltaren da danginsu sun zama kamar goro a gidajenmu, kowa da nasa a aljihu. Irin waɗannan magunguna na rage kumburi suna iya kawo cikas ga haɗewar ƙashi, shi ya sa likitocin ƙashi da yawa ke hana su na makonni ko watanni bayan aiki. A tambaya kafin a sha. Panadol ba shi da wannan matsalar, sai dai babba kada ya wuce giram 4 a yini, a kuma lura da cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne saƙon da ake aika wa masu zuwa umara daga gida: "a taho mini da Tramadol". Kada ka jefa ɗan uwanka cikin masifa. Tramadol da Lyrica suna cikin magungunan da hukumar ƙasar nan ta sa wa ido sosai, kuma riƙe su babu takardar likita laifi ne babba. Wanda likita ya rubuta wa Lyrica don ciwon jijiya kuma kada ya yanke shi rana ɗaya, a hankali ake rage shi.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe, don nan ne hankali ke tashi a banza, nan ne kuma ake sakaci da abin da ya cancanci gudu. Ba kowane ciwo ne ke nufin aiki ya lalace ba. Ciwon bayan wuya da tsakanin allunan kafaɗa abu ne da aka saba gani bayan wannan aiki, domin an buɗa tsakanin gaɓoɓi, naman wurin kuma ya sha ja. Wahalar haɗiya ma haka, tun da ta gefen maƙogwaro aka bi: mutum ya ji kamar loma ta tsaya masa. Yawanci tana sauƙi cikin makonni, wasu kuma sai ta ɗauke su watanni. Kunu, fate, farfesu, shuraba (romon Larabawa), madara, su ne abincin lokacin, a zaune cir, loma ƙanana. A ɗaga wa gasasshen nama da busasshen burodi ƙafa tukuna. Dishewar murya takan biyo baya ita ma, galibi ta wuce da kanta.

Jijiya kuwa ba ta da sauri. Zugin da ke sauka hannu yakan ragu da wuri, amma minjirya a yatsu da sagewa da rashin ƙarfi sukan daɗe, domin jijiyar da ta lalace kusan milimita ɗaya take farfaɗowa a yini. Ka auna daga wuya zuwa kan yatsa ka ga. Wanda ya shekara biyu yana daurewa kafin ya yarda a yi masa aiki, kada ya sa ran jijiyarsa ta manta cikin mako biyu. Idan kuma laka ce aka danne, har tafiya ta fara tangaɗi, maɓallin riga yana gagarar sawa, to babban burin aikin shi ne a tsayar da lalacewar kada ta ci gaba. Abin da ya dawo riba ce. Likitoci kan faɗi wannan, amma sau da yawa yakan zube a hanya tsakanin Larabcin likita da Hausar tafinta, musamman idan tafintan yaro ne da ke jin nauyin gaya wa babba magana marar daɗi.

Waɗanda ba a kwana da su daban ne. Wuya ya kumbura a kwanakin farko har numfashi yana wuya: wannan jini ne ke iya taruwa, a kira motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar a 997 nan take, kada a jira gari ya waye. Zazzaɓi tare da ja ko ruwa ko mugunya a bakin yanka. Haɗiya da ke ƙara tsanani maimakon sauƙi, har ruwa yana gagara. Sabon rauni a hannu ko ƙafa, ko fitsari da bayan gida su ƙwace ko su ƙi fita. Akwai kuma wanda kwana kaɗan bayan aiki zai ga ya kasa ɗaga hannu daga kafaɗa. Jijiyar C5 ce, yawanci tana dawowa cikin watanni, amma dole likita ya gani. Tambayar da ba ta gaggawa ba, ana iya kiran layin ma'aikatar lafiya, 937.

Akwai masu kuskure ta ɗaya gefen. Wata gwaggonmu a Jidda ta yi wata huɗu da kwalar wuya, ba ta cirewa sai wanka, alhali mako shida aka ce mata. Tsoro ne ya riƙe ta. Da aka cire, naman wuyan ya saki, kai kuwa kusan kilo 5 ne, sai sabon ciwo ya taso wanda ba na ƙarfe ba. Kwala iya kwanakin da aka ce, ba ƙari ba ragi. Wasu likitocin ma ba sa ba da ita sam. Tafiya a ƙafa ita ce motsa jiki na farko, tun daga ranakun farko, bayan asuba ko bayan isha'i in zafi ya sauka. Idan aka tura mutum ilaj ɗabi'i, wato gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na asibiti, ya je, ya kuma riƙa maimaita abin da aka koya masa a gida. Matashi ɗaya madaidaici, a kwanta rigingine ko a gefe, ban da rub da ciki. Waya a ɗago ta daidai ido, don sunkuyar awa biyu a kan WhatsApp ita ma ɗaukar kaya ce.

Salla kuma fa? Dattawanmu kunya suke ji a gan su a kan kujera a masallaci, sai su dage da sujada wuya na zugi. Hadisin Imrana bin Husaini sananne ne: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. A tambayi likita ranar da za a koma kai goshi ƙasa. Masu fargabar ba za su ƙara juya kai su yi sallama ba su kwantar da hankali: kusan rabin waiwayen wuya tsakanin C1 da C2 yake faruwa, can sama, don haka haɗe gaɓa ɗaya a ƙasa kaɗan yake ragewa. Umarar godiya da ake ɗokin yi da zarar an sallamo mutum, a ɗan jinkirta ta. Safa da Marwa kaɗai sun haura kilomita 3, ga turereniya, ga wanda zai dafa kafaɗarka ya wuce.

Ƙaho da tausa mai ƙarfi da lalas da wuta, wanda a nan ake kira kayyi, duk a nisanta su daga wuyan da ƙashinsa bai haɗe ba. Aski ma a yi hattara: wasu masu askin, in sun gama, sai su kama kai su murɗa ya yi ƙas, wai kyautatawa ce. Gaya masa tun kafin ka zauna.

Na ƙarshe shi ne guje wa mau'idi, wato ranar da likita ya sa a koma ganinsa. Mutum ya ji sauƙi ya ce me zai je yi, ko ya ji ciwo ya yi fushi da likitan ya koma wani. Hoton ashi'a, wato hoton ƙashi na asibiti, shi ne kaɗai ke nuna ko ƙashi ya kama. Ciwon da ya lafa sannan ya dawo bayan watanni, ko ya ƙi raguwa har wajen shekara, yana iya zama ɗorin ne bai haɗe ba, sai an yi hoto ana sunkuye da ɗage kai, ko sikanin CT, kafin a tabbatar. Ko an tabbatar ma ba kowa ake sake wa aiki ba. Bayan shekaru kuma gaɓar da ke maƙwabtaka da wadda aka haɗe tana iya fara nata ciwon, kusan mutum 3 cikin 100 a kowace shekara. Don haka wanda zai koma Kano ko Damagaram kada ya hau jirgi sai da taƙarir, wato rahoton aikin, a hannu, mai nuna gaɓoɓin da aka haɗe da irin ƙarfen da aka sa, tare da faifan hotunansa, in da hali a rubuta masa da Turanci.

Kawu dai mun koma da shi aka yi hoto. Kusoshi suna nan inda aka bar su, naman wuya ne ya ji jiki. Likita ya ƙara masa mako huɗu na hutu, jarkar kuma yanzu ɗan maƙwabcinsa ke hawo da ita, ana ba shi riyal biyar.