Babi na 7: Haɗa Waya da Waya ta Bluetooth

Darasi na 1

Ku fito da wayoyinku, ku zauna bibbiyu. Kada wanda ya ji kunya don tasa ta tsufa, in dai tana da Bluetooth ta wadatar. Ba ya cin data, ba ya cin kati, sai dai ba ya zuwa nesa, kamar mita 10 ne kawai.

Sa yatsa a saman fuskar waya ka jawo ƙasa. Nemi alama mai kama da harafin B mai tsini. Danna ta ka riƙe har wani shafi ya buɗe. Za ka ga sunayen wayoyin da ke kusa. Tambayi abokin zamanka sunan tasa da baki, ban da canka. Taɓa sunan.

Yanzu lambobi 6 za su fito a wayarka, su fito a tasa. To tsaya nan. Kada ka danna komai tukuna. Karanta naka da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana bin nasa da ido. In ka gama, shi ma ya karanta, kai ka duba. Sannu a hankali, ba mai korar ku. Wanda 6 da 9 ke rikita wa ya rubuta su a takarda, ba laifi ba ne.

A daidai wannan lokacin wayoyin biyu ke ƙulla mabuɗin sirri, wanda da shi za su riƙa kulle duk abin da suka aika wa juna. Lambobin nan shaida ce cewa da wayar abokinka kake ƙullawa, wani bai kutso tsakani ba. In duka shidan sun yi daidai, ku biyun ku danna Pair, wato haɗa. In ko ɗaya ta saɓa, ku soke, ku sake daga farko.

Na ce duka shidan. Makon jiya da idona na ga mutane suna dannawa tun kafin su karanta ko lamba ɗaya. Haba jama'a! Ku da kuke ƙirga canji sau biyu a kasuwa? Sake: karanta, ya duba, ya karanta, ka duba, sannan a danna. Ku maimaita sau uku kafin in zagayo.

Darasi na 2

Abin sawa a kunne da lasifika ba su da fuska, don haka ba lambar da za ka gwada. Wasu tsofaffi, irin na kafin sabon tsarin Bluetooth na shekarar 2007, sukan nemi 0000 ko 1234, kuma kowa ya san waɗannan. Ka haɗa su a gida, ban da tashar mota.

Darasi na 3

In za ka sayar da waya, shiga jerin sunayen na'urorin da ka haɗa ta Bluetooth ka goge kowanne. In ba ka amfani da Bluetooth, kashe shi.