Yadda za ku yi da tsutsar da ke kumbura saiwar tumatir

'Yan uwa masu lambu a Dadin Kowa, in tumatir ko kuɓewa na yin yaushi da rana alhali ka ba shi ruwa, ganye ya yi rawaya ya ƙi girma, to ka fara tuge guda ɗaya ka duba saiwar. In ka ga ƙulli-ƙulli a jiki, wata ƙaramar tsutsa ce da ake kira nematod, ido ba ya ganinta.

Da farko tuge duk waɗanda suka kamu har saiwa ka ƙone, kar ka bar su a bakin kwami.

Sannan ka yi kaftu ka jiƙa ƙasar ta yi laima. In za ka sa maganin turara ƙasa irin dazomet, sai fili ba shuka, ka barbaɗa daidai yadda aka rubuta a jikin kwalin, ka cakuɗa da ƙasa, ka yayyafa ruwa ka rufe da leda ka danne gefe da ƙasa don kar tururin ya fita. Don Allah ka sa safar hannu da takunkumi, guba ce wallahi, yara ma kar su matso, kuma kar ruwan wankin kaya ya koma kwata.

Bayan kwanakin da aka rubuta a jikin kwalin sun cika ka buɗe ledar, ka sake juya ƙasa ta sha iska, ka gwada shuka irin latas a ɗan wuri don ka ga ko maganin ya fita daga ƙasa, in ya tsiro lafiya sai ka yi dashe.

Wanda ba shi da kuɗin magani ya rufe jiƙaƙƙiyar ƙasa da farar leda wadda ake ganin abu ta cikinta sati 4 zuwa 6 a zafin Maris da Afrilu. Baɗi kuma ka sa masara ko dawa a wurin.